Zaɓi Tsakanin Wasanni Biyu da Ba Su Fito Ba

Akwai wani nau'in wasan kwamfuta da dubban mutane ke shiga ta intanet a lokaci guda, kowa ya ƙirƙiri jaruminsa, ya raɗa masa suna, ya zaɓa masa sana'a, ko mayaƙi ko maharbi ko mai warkarwa, sannan ya sake shi cikin wata ƙagaggiyar duniya mai birane da dazuzzuka da kasuwanni. Duniyar ba ta tsayawa don mutum ya kashe kwamfutarsa, domin a kan manyan kwamfutocin kamfani take gudana dare da rana. Jarumin yakan fara daga mataki na ɗaya hannu rabbana, sai a hankali ya tara ƙarfi da makamai da dukiya, aikin da kan ci watanni. Manyan abokan gaba kuwa sun fi ƙarfin mutum ɗaya, sai an yi musu taron dangi, shi ya sa 'yan wasa ke kafa ƙungiyoyi masu shugabanni da dokoki da ranakun haɗuwa. Fim ana iya kallon wannan yau, gobe a kalli wancan. Amma wasan da ke neman awanni kowane mako, da kuɗin wata-wata, da cika alƙawari ga mutanen da suka sa rana suna jira, da wuya ma'aikaci ko ɗalibi ya riƙe guda biyu.

Binciken da Nick Yee ya gudanar a farkon shekarun 2000 a kan dubun dubatan masu irin wannan wasa ya nuna cewa matsakaicinsu yana ba wasan kimanin awa 22 a mako, shekarunsa kuma sun kai wajen 26, wato galibinsu ba yara ba ne. Awa 22 a mako ta haura awa 1,100 a shekara. Kamfanoni sukan sanar da sabon wasa shekaru kafin ya fito, su riƙa sakin hotuna da bidiyon talla, su buɗe ƙofar biyan kuɗi tun da wuri, har su yi wa wanda ya riga biya alƙawarin shiga kwanaki kafin sauran jama'a. Ƙungiyoyi su ma sun fi son su tsayar da magana kafin ranar buɗewa don su shiga tare. Ta haka mutum kan tsinci kansa ana neman ya ɗora wani babban yanki na lokacinsa a kan ɗayan abubuwa biyu da bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan tsohuwa ce a falsafa da fiƙihu: da wane dalili mai hankali zai fifita abu a kan ɗan'uwansa alhali dukansu a ɓoye suke gare shi?

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na watan Nuwamban 2004, lokacin da EverQuest II da World of Warcraft suka fito a Amurka da tazarar mako biyu. Wanda ya zauna a tsakiyar wannan shekara yana auna su zai ga hujjoji masu ƙarfi a ɓangaren na farko. A lokacin, kamfanin Sony Online Entertainment ne ke da EverQuest na asali, wanda ya fito a 1999, ya tara masu biyan kuɗi kusan rabin miliyan, ya zama kan gaba cikin irin waɗannan wasanni a Amurka da Turai. Magajinsa ya zo da hotuna masu kama da zahiri, da muryoyin fitattun 'yan fim irin su Christopher Lee, da duniyar Norrath wadda mutane suka riga suka saba da ita, sai dai an matsar da labarin gaba da shekara 500. Kamfanin Blizzard kuwa, mai World of Warcraft, ya yi suna da Warcraft da StarCraft da Diablo, amma bai taɓa gudanar da duniya mai ɗaukar dubban mutane a wuri ɗaya ba, kuma hotunan wasansa sun fi kama da zanen katun. Abin da ke ɗan ƙara masa nauyi shi ne wasu daga cikin masu tsara wasan, irin su Rob Pardo da Jeff Kaplan, tsofaffin 'yan wasan EverQuest ne da suka san inda yake gajiyar da mutane.

Yadda ta kaya sananne ne. A lokacin, EverQuest II yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi wadda yawancin gidaje ba su da ita, kuma idan jarumi ya mutu sai a ɗora masa bashin da ke rage masa saurin ci gaba, har a farkon fitowar wasan bashin kan shafi abokan tafiyarsa. World of Warcraft yana gudana a kan matsakaiciyar kwamfuta, kuma mutum na iya kaiwa mataki na 60, wanda shi ne ƙololuwa a lokacin, ko da shi kaɗai yake yawo. Jama'a suka yi masa ca har aka riƙa bin dogon layi kafin a sami shiga, kuma a 2010 masu biyan kuɗinsa sun kai miliyan 12. Yau kowa na iya jero waɗannan dalilai ya ce ai a fili suke. Kafin fitowar wasannin kowane dalili fuska biyu gare shi. Sauƙin wasa ana iya ɗaukarsa alamar cewa zai ja jama'a, ana kuma iya ɗaukarsa alamar cewa za a cinye shi cikin 'yan makonni a gaji. Nauyin hotuna ana iya ganinsa aibi, ana iya ganinsa tanadi don kada wasan ya tsufa da wuri. Masu hankali sun zaɓi wannan, masu hankali sun zaɓi wancan.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan hijira, wato 1111, ya taɓo tushen wannan matsala a littafinsa Tahafutul Falasifa, a wurin da babu ruwansa da wasa. Masana falsafa sun kafa hujja cewa duniya ba ta da farko, saboda dukkan lokuta daidai suke, babu abin da zai sa Mahalicci ya keɓe wani lokaci da halitta ya bar wani. Gazali ya mayar musu da cewa aikin nufi ke nan, ya ware abu daga cikin makamantansa ko da babu wani bambanci a tsakaninsu. Ya buga misali da mutumin da aka ajiye wa dabino biyu iri ɗaya, yana marmarinsu, amma ba shi da ikon ɗaukar duka. Ko an kawar da kowane bambanci na kyau da kusanci da sauƙin ɗauka, mutumin ba zai zauna yana kallonsu har abada ba, zai miƙa hannu ya ɗauki ɗaya. Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya yi masa raddi a Tahafutut Tahafut da cewa mutumin bai fifita dabino a kan dabino ba, ɗauka ya fifita a kan bari, kuma kowanne ya faɗo hannunsa buƙata ta biya. A Turai misalin ya shahara da siffar jakin da yunwa ta kashe tsakanin tarin ciyawa biyu, ana jingina shi ga Jean Buridan, malamin jami'ar Paris na ƙarni na 14, duk da cewa ba a sami jakin a rubuce-rubucensa ba.

Maganar Gazali tana warware wani ɓangare na damuwar mai zaɓen wasa: rashin samun dalilin da ya rinjaya ba ya hana zaɓi, kuma wanda ya zaɓa a wannan hali bai saɓa wa hankali ba. Sai dai dabinon Gazali daidai suke a zatinsu, wasannin nan kuwa sun sha bamban ƙwarai, a cikin sanin mai zaɓe ne kawai ma'aunin ya daidaita. Wanda ya ɗauki dabinon dama bai yi asarar komai ba, wanda ya ɗauki wasan da zai mutu cikin shekara guda ya yi. Raddin Ibnu Rushdi ne ya fi amfani a nan, domin ya mayar da tambayar inda ya kamata ta fara: shin ɗauka ta fi bari? Ga mai yunwa amsar a fili take. Mai jiran wasa kuwa babu abin da zai same shi in ya bari duka biyun suka fito, ya ji labarinsu daga waɗanda suka shiga, sannan ya yanke hukunci. Hanya ta uku ke nan, kuma yawancin dabarun talla, daga kyautar da ake ba wanda ya biya da wuri zuwa tsoratarwa da cewa za a riga mutum kama suna mai kyau, an gina su ne don kada a tuna da ita.

Ana iya cewa maganin jahilci bincike ne, a karanta duk abin da kamfani ya saki, a shiga gwajin da ake buɗewa kafin fitowa. Wannan yana rage duhu, amma ba ya kawar da shi, saboda abin da ake binciken bai tsaya wuri ɗaya ba. Littafi in an buga shi ya gama zama abin da yake. Wasan intanet kuwa kamfani na ci gaba da sauya shi muddin yana raye. A Nuwamban 2005 masu Star Wars Galaxies suka wayi gari an sauya tsarin wasan daga tushe, an rage sana'o'in da suka haura 30 zuwa 9, mutanen da suka shafe shekara biyu suna gina jarumansu suka ga aikinsu ya zama wani abu dabam. Sauyi yana zuwa ta fuskar alheri ma. Final Fantasy XIV na kamfanin Square Enix na Japan ya fito a 2010 ya sha suka ta ko'ina, aka rufe shi a 2012, aka sake gina shi ƙarƙashin jagorancin Naoki Yoshida, ya dawo a Agustan 2013 ya zama ɗaya daga cikin manyan wasannin wannan fanni. A 2014 an sake yin irin zaɓen 2004 tsakanin The Elder Scrolls Online da ya fito a Afrilu da WildStar da ya fito a Yuni. Na farkon ya fara da ƙorafe-ƙorafe, na biyun ya fara da yabon masu sharhi. The Elder Scrolls Online ya yi ta gyara kansa har ya kafu, WildStar kuwa an rufe shi a Nuwamban 2018. Ko wanda ya ga wasannin da idonsa a makon farko bai ga abin da za su zama ba.

Akwai kuma duhun da ke cikin mai zaɓen kansa. L. A. Paul, malamar falsafa 'yar Amurka, ta yi bayani a littafinta Transformative Experience na 2014 cewa wasu abubuwa ba a sanin ɗanɗanonsu sai an shige su, kuma shigarsu kan sauya abin da mutum yake so. Babban misalinta shi ne haihuwa: wanda bai taɓa zama uba ko uwa ba ba shi da ma'aunin da zai auna yadda hakan zai kasance masa. Wasa bai kai wannan girma ba, amma yana da ɗan rabo a ciki. Mutum kan shiga da zaton yaƙi yake so, sai ya tarar zaman kasuwa da ƙera kaya ne ke riƙe shi, ko ya shiga don kaɗaici ya ƙare yana shugabantar ƙungiyar mutum arba'in. Jerin siffofin da ya auna wasannin da su kafin fitowarsu jerin sha'awar mutumin da bai shiga ba ne.

Duhun da ya fi duka kauri shi ne wanda ya rataya a kan sauran mutane. Darajar irin wannan wasa ba a hannun kamfani kaɗai take ba. Kasuwar cikinsa tana buƙatar masu saye da sayarwa, manyan yaƙe-yaƙensa suna buƙatar runduna, kuma birni mafi kyawun zane in babu kowa a titunansa kango ne. Saboda haka mai zaɓe yana ƙoƙarin hasashen inda jama'a za su nufa, su ma jama'ar kowannensu hasashen da yake yi ke nan. John Maynard Keynes ya kwatanta kasuwar hannun jari da irin wannan hali a 1936, inda ya kawo gasar jaridu da ake zaɓen fuskokin da suka fi kyau, amma kyautar tana zuwa ga wanda zaɓensa ya dace da na mafi yawan masu shiga gasar. A irin wannan yanayi ƙaramin rinjaye na farko kan haifi babba: wasan da ya ɗan fi jama'a sai ya ƙara jan jama'a, wanda aka fara barinsa sai barin ya ƙara sauri. Warhammer Online ya fito a Satumban 2008 da cincirindon mutane, aka gina shi a kan yaƙi tsakanin rundunonin 'yan wasa, da mutane suka fara raguwa sai filayen yaƙin suka zama fayau, abin da ya ƙara korar waɗanda suka rage, har aka rufe shi a Disamban 2013. Bin jama'a a nan ba makauniyar biyayya ba ce, domin jama'ar suna cikin abin da ake saye. Matsalar ita ce babu wanda ya san inda za su taru kafin su taru.

Fiƙihun ciniki ya daɗe da sanin wannan irin duhu, ya kira shi garari, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira ya hana cinikin da aka gina a kansa. Bahaushe ya san shi da cinikin biri a sama. Shari'a ba ta rufe ƙofar sayen abin da ba a gani ba gaba ɗaya, ta dai kewaye shi da sharuɗɗa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da mutanen Madina suna biyan kuɗin 'ya'yan itace shekara ɗaya ko biyu kafin su nuna, bai hana su ba, amma ya umarce su da a san mudu, a san nauyi, a san wa'adi. Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan ilimi na ƙasar Hausa, ta halatta sayar da abin da ba ya wurin ciniki bisa siffantawa, tare da hana a shardanta biyan kuɗinsa nan take, sai fa in yana kusa ko kuwa irin abin da ba a tsoron sauyawarsa ne, kamar gida ko fili ko bishiya. Hanafiyya kuma sun ba mai saye damar fasa ciniki idan ya ga kayan.

Hukuncin biyan kuɗin wasa kafin fitowarsa aikin malaman fatawa ne, musamman da yake abin da mai biya ke samu izinin shiga ne kawai, wanda ya fi kama da haya, kuma yarjejeniyar da yake amincewa da ita tana ba kamfani ikon sauya wasan ko rufe shi. Amma hikimar waɗannan sharuɗɗa a bayyane take ga kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba: gwargwadon yadda abu ke iya sauyawa, gwargwadon yadda ya kamata a jinkirta sakin kuɗi a kansa. Wasan da bai fito ba shi ne kishiyar gida da fili, ranar fitowarsa tana iya matsawa, siffarsa tana iya juyawa, yana iya ƙin fitowa sam. An nuna EverQuest Next ga duniya a 2013, mutane da yawa suka ƙi ɗaura kansu ga wani wasa suna jiransa, aka soke shi a Maris 2016, kuma ɗan'uwansa Landmark, wanda wasu suka biya har dala 100 don shiga da wuri, an rufe shi a 2017. Hellgate: London ya sayar da rajistar har abada a kan kusan dala 150 lokacin fitowarsa a 2007, kamfanin da ya yi shi ya durƙushe a shekarar da ta biyo, aka rufe wasan a Amurka da Turai a farkon 2009. Malamai sun yi rangwame a kan ɗan ƙaramin garari da ba a iya kauce masa, suna buga misali da kuɗin shiga gidan wanka alhali ba a san yawan ruwan da mutum zai zuba ba. Kuɗin wata guda a wasan da ya riga ya fito ya fi kusa da wannan. Kuɗin shekaru a wasan da ba a gani ba ya yi nisa da shi.

Kuɗi dai shi ne ƙaramin abin da ake biya. Babban shi ne lokaci, kuma a nan ne tambayar ta tashi daga wanne ya fi daɗi ta koma wanne ya fi dacewa da rayuwar mai shiga. Hadisin Ibnu Abbas da Buhari ya ruwaito ya ambaci lafiya da sararin lokaci a matsayin ni'imomi biyu da mutane da yawa ke tafka asara a cikinsu. A cikin World of Warcraft akwai umarnin da mutum kan rubuta a nuna masa jimillar kwanaki da awannin da ya shafe a kan jaruminsa, kuma ga tsofaffin 'yan wasa lissafin kan fito da ɗaruruwan kwanaki cur. Malaman farko sun tattauna irin wannan a kan shaɗaranji, darar sarki da dawaki. Imam Malik bai ga alheri a cikinta ba, Risala ma ta hana ta. Shafi'iyya sun tsaya a kan karhanci muddin babu caca, ba ta sa a jinkirta salla, ba a kuma yin alfasha a kanta, kuma da waɗannan sharuɗɗa uku ne Shaihu Yusuf Alƙardawi ya halatta ta a littafinsa Alhalalu wal Haram. Duka ɓangarorin sun dubi illolin da aya ta 91 ta Suratul Ma'ida ta ambata game da giya da caca, wato haddasa gaba da ƙiyayya, da shagaltarwa daga ambaton Allah da salla.

Abin lura shi ne waɗannan ma'aunai, saɓanin daɗin wasa da yawan jama'arsa, ana iya sanin mafi yawansu kafin wasa ya fito, domin kamfanoni sukan bayyana tsarinsu. Ana sanin ko manyan yaƙe-yaƙen wasa suna buƙatar mutum arba'in su zauna awa uku ko huɗu babu mai tashi, kamar yadda World of Warcraft ya fara da kamar yadda WildStar ya yi alfaharin dawo da shi, ko kuwa an yanka su gajeru yadda mutum zai iya tashi in an kira salla. Ana sanin ko wasan yana ɗora ayyukan kullum waɗanda duk ranar da aka tsallake an yi asara, dabarar da ke mayar da nishaɗi ya zama tilas. Ana sanin ko kuɗinsa na wata-wata ne bayyananne, ko kuwa shiga kyauta ce amma ana sayar da akwatunan sa'a da ba a san abin da ke cikinsu ba sai an biya an buɗe. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatuna a wasu wasanni caca ce a ƙarƙashin dokar ƙasar. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa jarabar wasan kwamfuta cikin jerin cututtukan da ta amince da shi a 2019, ta siffanta ta da kasa riƙe kai da fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwa duk da cutar da ke bayyana, ko da yake kaɗan ne daga cikin masu wasa ke kaiwa wannan hali. Ga mai wasa daga Kano ko Yamai ko Kumasi akwai ƙarin abin dubawa da shi ma ana saninsa tun da wuri: galibi da kwamfutocin Turai zai haɗu, nisan yana jawo jinkiri, wasu kamfanonin ma sukan rufe wa wasu yankuna ƙofa. Batun tsafi da ƙagaggun gumaka da ke cikin labaran waɗannan duniyoyi abu ne da malamai ke magana a kansa, sai dai da yake yawancin wasannin sun yi tarayya a ciki, ya fi shafar tambayar shiga ko rashin shiga.

Abokan tafiya ma ana saninsu. Mutum ba zai iya hasashen inda miliyoyi za su nufa ba, amma ya san mutum biyar ko goma da zai zauna da su, ya san bakinsu, ya san ko za su ɗaga masa ƙafa in ya ce iyali na kiransa. Hadisi ya yi gargaɗi cewa mutum yana kan addinin abokinsa, don haka ya duba wanda yake abota da shi, kuma zaman awanni ashirin a mako da wasu mutane abota ce ko da ba a taɓa ganin fuskokinsu ba. Matsakaicin wasa tare da mutanen kirki ya fi gwanin wasa cikin masu zage-zage, kuma wannan hukunci ba ya jiran ranar fitowa.

Wasu kan tambaya ko ya dace a yi istihara a kan abu ƙarami irin wannan. Hadisin Jabir da ke cikin Buhari ya nuna cewa Annabi yana koya wa sahabbai istihara a dukkan al'amura kamar yadda yake koya musu sura daga Alƙur'ani, kuma addu'ar kanta an gina ta a kan amincewar bawa cewa Allah ne ya sani shi bai sani ba, wanda shi ne ainihin halin mai zaɓe tsakanin ɓoyayyun abubuwa biyu. Malamai sun bayyana cewa ba a istihara a kan aikata wajibi ko barin haram, wurinta shi ne abin da aka ba mutum zaɓi a kansa. Ke nan sai an gama da tambayar halacci da ta lokaci tukuna. Abin da zai ci awa dubu a shekara kuwa ba ƙarami ba ne, ko da sunansa wasa.

Saura batun nadama. Wanda ya zaɓi WildStar a 2014 bisa abin da aka sani a lokacin bai yi wauta ba don an rufe wasan bayan shekara huɗu, haka wanda ya faɗa World of Warcraft don kawai ya ga hoton akwatinsa ya burge shi bai zama mai hangen nesa ba. Ana auna kyawun zaɓi da abin da mai zaɓe ya sani ko ya kamata ya sani a ranar da ya zaɓa. Hadisin Abu Huraira a Muslim ya haɗa ɓangarorin biyu, ya yi umarni da kwaɗayin abin da ke da amfani da neman taimakon Allah, sannan ya hana zaman da-na-sani bayan abu ya auku. Kuskuren da ya fi yawa a wannan fage yana zuwa ne bayan zaɓen: mutum ya gane wasan bai dace da shi ba, ko yana ci masa salla da barci da haƙƙin iyali, amma ya ƙi fita saboda tausayin watannin da ya zuba. Watannin sun tafi ko ya zauna ko ya fita, abin da ke hannunsa kawai shi ne waɗanda ba su zo ba. Don haka tsakanin wasanni biyu da ba a gani ba, wanda ƙofar fitarsa ta fi faɗi, wanda ba ya neman kuɗi mai yawa tun farko kuma ba ya hukunta wanda ya yi hutu, shi ya fi cancantar a fara gwadawa. Jinkirin ma yanzu ya fi arha fiye da yadda yake a 2004: tun 2011 World of Warcraft yake barin sabon shiga ya yi wasa kyauta har mataki na 20, Final Fantasy XIV kuma ya faɗaɗa gwajinsa na kyauta zuwa mataki na 60 a 2020.